Neman kakan da ya je yaƙin Bama (Myanmar ta yau): abin da shafin CWGC ke bayarwa, da inda yake tsayawa

Daga Zuru har Dikwa, da wuya a sami unguwar da ba ta da labarin wani kaka da aka ɗauka soja zamanin Turawa. Wani ya dawo da minda a ƙirji, wani ko takalminsa ba a sake gani ba. Jikoki yanzu suna da waya a hannu, kuma inda akasari suke fara faɗawa shi ne shafin intanet na hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen Kwamanwel, wato Commonwealth War Graves Commission, CWGC a taƙaice. Ra'ayinmu a kansa shi ne: shafi ne mai amfani ƙwarai, kyauta ne, kuma a kan sojan Afirka ta Yamma da ya mutu a yaƙi babu shafin kuɗi da ya fi shi. Amma wanda ya shiga da suna kawai, ba lambar soja, ba bataliya, to ɗayan biyu zai same shi: ko ya ƙone data a banza, ko ya rungumi kakan wasu ya ce nasa ne.

An kafa hukumar a 1917, hedikwatarta tana Maidenhead a Ingila, kuma tana riƙe da sunayen mutum kusan miliyan 1.7 a wurare kimanin 23,000 cikin ƙasashe sama da 150. Iyakarta a fili take. Tana lissafa wanda ya mutu yana cikin aikin soja, ko ta dalilinsa, tsakanin 4 ga Agusta 1914 da 31 ga Agusta 1921 don yaƙin duniya na farko, sai kuma tsakanin 3 ga Satumba 1939 da 31 ga Disamba 1947 don na biyu. Ba sai harsashi ne ya kashe shi ba. Wanda zazzaɓi ko atuni ko haɗarin mota ya ɗauke a cikin waɗannan shekaru shi ma yana ciki. Wannan iyaka ita ce katangar farko da mutane ke karo da ita. Idan kakanku ya dawo gida a 1946, ya yi aikin ɗan doka ko masinja ko gadi, ya rasu a tsufansa, ba za ka same shi a nan ba ko ka kwana kana nema. Mafi yawan waɗanda suka tafi sun dawo, saboda haka mafi yawan masu nema shafin ba zai nuna musu kakansu ba. Duk da haka yana da amfani gare su ta wata hanya, za mu zo kanta.

Yadda ake neman ba shi da wahala. A shafin akwai wurin neman waɗanda suka mutu a yaƙi, da akwatuna na sunan ƙarshe, sunan farko, lambar soja, rundunar da mutum ya yi wa aiki, wane yaƙi ne cikin biyun, da ƙasar da aka binne shi ko aka rubuta sunansa. Ba a biyan ko kwabo, kuma ba sai ka yi rajista ba kafin ka duba. Sai dai an gina akwatunan ne bisa tsarin sunan Bature, kuma nan ne tuntuɓe yake. Sojan Najeriya sau da yawa an zuba sunansa duka biyu a akwatin sunan ƙarshe, na sunan farko kuwa an bar shi wayam. Wanda ya raba sunan gida biyu, ya sa ɗaya nan ɗaya can, sai shafin ya ce babu kowa, alhali mutumin yana ciki. Ka fara da zuba sunan gaba ɗaya a akwatin da aka rubuta wa Last name. In bai fito ba, ka juya sunayen. In bai fito ba, ka sa guda ɗaya kawai ka tace da runduna. Akwatin ƙasar da mutum ya yi wa aiki kuma ka bar shi kada ka taɓa, domin a lokacin Najeriya tana ƙarƙashin mulkin Ingila, zaɓin da bai dace ba zai ɓoye maka sakamako.

Maganar suna ita ce ta fi cin lokaci, kuma ba laifin shafin ba ne kacokan, gado ya yi daga akawun bariki. Lokacin ɗaukar soja ba a cika rubuta sunan uba ba. Ana rubuta sunan mutum ne a liƙa masa garinsu ko ƙabilarsa, shi ya sa jerin ya cika da sunaye masu ƙarewa da Sokoto, Kano, Katsina, Bauchi, Yola, Dikwa, Yerwa, Argungu, ko Fulani, Beriberi, Zaberma, Dakarkari. Garin ma ba lallai mahaifarsa ba ne. Mutumin wani ƙauye a ƙasar Gumel yana iya zama "Kano" don lardinsa ke nan, ko don can aka ɗauke shi. Waɗanda suka tsallako daga ƙasar Faransa, daga Damagaram ko Maraɗi ko Chadi, da yawa sun ari sunan wani gari na wannan ɓangaren don a karɓe su. Akwai kuma wanda ya gudu daga gida ya shiga soja da sunan da ba nasa ba, don kada iyaye su biyo sawu.

Sannan ga rubutun Turawa na wancan zamani. Muhammadu yana iya fitowa a Momadu, Mamadu, Mohamadu, Moma ko Mama. Garba yana zama Garuba. Audu yana zama Awudu. Usman yana zama Usuman ko Osuman, Ibrahim kuma Braima ko Brimah, musamman a rundunar Gana. Borno kusan kullum Bornu ce. Shafin ba ya gane cewa waɗannan duk suna ɗaya ne, kai ne za ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, kuma yana da kyau ka riƙe takarda kana rubuta wanda ka gwada don kada ka yi ta zagaye wuri guda. Wannan babban rauni ne ga shafin da yake riƙe da dubban sunayen 'yan Afirka. Da an sa masa hanyar haɗa rubuce-rubucen suna ɗaya, da an rage wa mutane rabin wahala.

Haɗarin da ya fi rashin samu shi ne samun da yawa. Suna irin na Musa ko Audu haɗe da babban gari zai iya fito maka da mutane da dama, kuma zuciya tana son ta zaɓi ɗaya. Kada ka zaɓa. Ba a cika rubuta shekarun sojan Afirka ba, wurin ƙarin bayani kuma, inda ake sa ɗan wane ne, mijin wance ne, na gari kaza, wasu an cika musu, da yawa an bar shi fari. Idan an cika, kuma sunan uba ko na mata ya dace da abin da tsofaffin gida suka sani, to ka sami abin kamawa. Idan ba a cika ba, abu ɗaya ne ke raba gardama, shi ne lambar soja.

Lambar sojan Najeriya a yaƙi na biyu tana farawa da NA, sai a ja layi, sai alƙaluma. Ta Gana, wadda a lokacin ake kira Gold Coast, tana farawa da GC, kuma wannan ya shafi Hausawan zango na Kumasi da Accra da Tamale, domin da yawansu sun yi aiki a can, Hausa ce ma harshen bariki a rundunonin. Idan ka gwada lambar da harafinta ba ta fito ba, ka gwada alƙaluman kawai. A gida ake samun lambar, ba a intanet ba. Tana cikin littafin sallama, ɗan ƙaramin littafin da aka ba kowane soja ranar da ya ajiye kaki, wanda yake nuna ranar shiga, ranar fita, muƙami, da shaidar hali. Tana kan takardar fansho ko garatuti, da katin ƙungiyar 'yan mazan jiya. A duba cikin adaka, ƙarƙashin tufafin da ba a taɓawa, cikin gafaka tare da takardun gona da na haraji, ko wurin 'yar da ta yi jinyarsa a ƙarshe, domin sau da yawa kayan tsoho wurin mace suke zama. Soja kuma yakan haddace lambarsa ya riƙa faɗinta har tsufa, don haka a tambayi matarsa in tana raye, ko ɗan da ya riƙa raka shi karɓar fansho. Idan an sami littafin, a ɗauki hoton kowane shafi da hasken rana, har da bangon, a ajiye shi cikin ambulan na takarda nesa da danshi da gara. Kada a kai shi a manne shi da roba mai zafi. Zafin yana lalata tawada, kuma ba a iya ɓare shi daga baya.

Minda ma tana magana, amma ya danganta da wane yaƙi. Na yaƙin farko an zana musu suna da lamba da runduna: masu zagaye a bakin gefensu, mai siffar tauraro a bayanta. A goge a hankali da tsumma, a duba da tocila daga gefe, lambar za ta fito. Na yaƙi na biyu ba a sa musu suna ba, sai na jarunta. Abin da za su gaya maka shi ne fagen da ya je. Tauraron Bama ƙyallensa ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Tauraron Afirka ƙyallensa launin rairayi ne da ja a tsakiya da siraran shuɗi biyu, ɗaya mai duhu ɗaya mai haske, kuma yana nufin Habasha da Somaliya ko Arewacin Afirka. Wanda yake da duka biyun tsohon hannu ne, ya yi yaƙi da sojojin Italiya a Afirka a 1941 kafin a kai shi gabas. Idan akwai tsohon hoto, a duba kafaɗar rigar. Baƙin gizo-gizo a kan rawaya alamar Runduna ta 81 ce. Mashi biyu a gicciye a kan gammo alamar Runduna ta 82 ce.

Idan Allah ya sa ka dace, shafin mutumin zai ba ka muƙaminsa, farabiti ne ko kofur ko saje, lambarsa, bataliyarsa, ranar rasuwa, da maƙabarta ko allon tunawa, tare da lambar layi da kabari ko lambar fuskar allon. Akwai takardar shaida da ake saukewa kyauta, mai kyau ce a buga a ajiye. Ga wasu kuma an ɗora hotunan tsofaffin takardun hukumar, kuma waɗannan sun fi takardar shaidar daraja ga mai bincike, musamman wadda take nuna inda aka fara binne mutum kafin a kwaso shi zuwa babbar maƙabarta. A nan ne za ka iya sanin kusa da inda ya faɗi.

Shafin ba zai fassara maka abin da bataliya da rana suke nufi ba, kuma a ganinmu wannan gibi ne, domin a cikin waɗannan biyun labarin yake. Ga yadda za ka karanta. An kafa Runduna ta 81 da ta 82 a 1943, daga sojojin Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, aka kai su Indiya sannan Bama, ƙasar da yau ake kira Myanmar. Bataliya ta 4 ta Najeriya tana cikin Birged ta 6 a Runduna ta 81, wadda ta yi yaƙin kwarin kogin Kaladan a 1944, inda babu hanyar mota, abinci da harsashi daga jirgin sama ake sako musu. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 su ne Birged ta 3, waɗanda aka cire aka haɗa da dakarun Chindit na Janar Wingate, aka kai su bayan layin Jafanawa a 1944, suka riƙe sansanin da ake kira White City. Bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3, da kuma ta 5 da ta 9 da ta 10, suna cikin Runduna ta 82 a yankin Arakan, daga ƙarshen 1944 zuwa tsakiyar 1945. Rundunonin biyu sun haɗu a Myohaung a Janairu 1945, daga nan ta 82 ta ci gaba kudu ta wajen Dalet da Tamandu da An har Taungup. Sunayen nan ba baƙi ba ne a kunnenmu: barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, na Chindit a Zariya, Myohaung da An da Arakan da Tamandu a Legas, duk daga can suka samo suna. Saboda haka ɗan Bataliya ta 7 da ya rasu a Afrilu 1944 kusan tabbas yana cikin Chindit, ɗan ta 9 da ya rasu a Maris 1945 kuma yana Arakan. Wanda ya rasu a farkon 1941 yana ta 1 ko ta 2 ko ta 3, yaƙin Italiya ne, lokacin da birged ɗin Najeriya ta kutsa daga Kenya ta kama Mogadishu ta wuce Harar.

Maƙabartar ma shaida ce. Taukkyan, arewa da Yangon, ita ce babba a Bama, an tattaro gawawwaki cikinta daga wurare irin su Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw bayan yaƙi, kuma a tsakiyarta allon tunawa na Rangoon yake, mai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Wanda ka ga an ce yana kan wannan allo, to suna ne kawai, babu kushewa. A faɗa wa dangi haka tun farko don kada a sa musu rai. Chittagong da Maynamati a Bangladesh kusa da manyan asibitocin soja suke, don haka wanda ke can galibi rauni ko ciwo ne ya kai shi asibiti ya cika. Akwai kuma 'yan Afirka ta Yamma a maƙabartun Indiya irin ta Madras. Na yaƙin Habasha da ba a san kabarinsu ba suna kan allon Gabashin Afirka a Nairobi. Waɗanda suka rasu a gida, a bariki ko wurin horo, da yawa sunayensu suna kan allon tunawa da ke maƙabartar sojoji ta ƙasa a Abuja. Na yaƙin farko, wato yaƙin Kamaru na 1914 zuwa 1916 da na Gabashin Afirka da ya biyo baya, akwai allunansu a Zariya da Lokoja da Ibadan da Kalaba.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne tace nema da Nigeria Regiment kaɗai. Ba kowa ne ɗan bindiga ba. Direbobi da masu kula da abinci suna ƙarƙashin West African Army Service Corps, 'yan igwa suna West African Artillery, akwai injiniyoyi, akwai ma'aikatan asibiti, akwai leburorin soja da aka kai Masar da Gabas ta Tsakiya ƙarƙashin African Pioneer Corps. A Bama kuma dubbai 'yan dako ne, sojoji ne cikakku da lamba da kaki, amma aikinsu ɗaukar kaya a ka cikin dutse da daji, kuma ba don su ba da rundunonin ba su motsa ba. Idan a gida an ce kaka "kaya ya ɗauka" ko "mota ya ja", to ka buɗe tacewar.

Sai maganar da ta fi zafi. Rashin ganin suna ba ya nufin mutumin bai mutu a yaƙi ba. A Afrilu 2021 wani kwamiti na musamman da hukumar ta kafa ya fitar da rahoto cewa bayan yaƙin farko an bar aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, akasarinsu 'yan Gabashin Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ba ko ba a tuna da su ko kaɗan, wasu 45,000 zuwa 54,000 kuma an tuna da su ba daidai da Turawa ba. Rahoton bai ɓoye cewa wariyar launin fata ce ta jawo ba, kuma sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya ba da haƙuri a majalisa. 'Yan dakon da aka kwasa daga Najeriya zuwa Kamaru da Tanganyika suna cikin irin waɗanda wannan sakaci ya fi shafa. Hukumar ta kafa aikin neman sunayen a ma'ajiyoyin takardu, tana ƙara su sannu a hankali, don haka wanda ya duba bara bai samu ba ya sake dubawa. Mun yaba da fitowa fili da aka yi, amma bayan shekara ɗari ne, kuma takardu da yawa sun riga sun salwanta. Mutanen Adamawa da Borno da arewacin Kamaru su tuna kuma cewa wasu kakannin a ɓangaren Jamus suka yi yaƙin farko. Shahararren Samanja Chari Maigumeri ma sojan Jamus ne kafin ya koma rundunar Ingila. Wanda ya mutu cikin kakin Jamus ba ya cikin aikin wannan hukuma.

Ta fuskar amfani da waya, shafin da Turanci yake kaɗai, kuma yana da ɗan nauyi inda sabis ba shi da ƙarfi. Jerin sakamako mai tsawo ya fi sauƙin bi a kwamfuta, inda za a iya sauke shi a jera bisa rana ko bataliya. Wannan jerawar ita ce amfaninsa ga wanda kakansa ya dawo da rai: in ka san bataliyarsa, jera mamatanta bisa kwanan wata zai nuna maka ranakun da aka yi ɓarin wuta da inda aka yi, ka ga abokan da ya bari a can. Hoton kabari ɗaya-ɗaya ba a cika samunsa a shafin ba. Akwai ƙungiyar sa-kai mai suna The War Graves Photographic Project da take bayar da irin wannan hoto a kan ɗan kuɗi.

Daga inda CWGC ta tsaya, sai ma'ajiyar takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew a Landan. Kundin nemanta na intanet shi ma kyauta ne. Littattafan da kowace bataliya take rubuta abin da ya faru kullum suna can: na Bama a jerin WO 172, na cikin Afirka ta Yamma a WO 173, na yaƙin farko a WO 95. A sani cewa hafsan da ke rubutawa yakan ambaci Turawa da suna, 'yan Afirka kuwa da adadi, ya ce an kashe kaza an raunata kaza. Wani lokaci akan dace da jerin sunaye a maƙale a bayan rahoton wata, amma ba abin dogaro ba ne. Na Bama kuma ba a ɗora su a intanet ba, sai an je, ko an biya a kwafo, ko an ɗauki mai bincike. Kafin ka biya kowa, ka ba shi bataliya da wata da shekara, in ba haka ba kuɗin zai tafi a shafukan da ba ruwanka da su. Jerin WO 373 shi ne daɗin abin: takardun neman a ba soja lambar jarunta, ana nemansu da suna, ana sauke su, kuma a ciki an bayyana abin da mutumin ya yi a ranar, da wuri da lokaci. Katunan minda na yaƙin farko suna WO 372, akwai na wasu sojojin Najeriya a ciki.

Fayil ɗin aikin soja na mutum ɗaya, mai nuna ranar ɗauka da garinsu da magajinsa, ga sojan Afirka ba a Ingila ake nemansa ba, an bar irin waɗannan a ƙasashen da aka ɗauki mutanen. A Najeriya ofishin ajiye bayanan sojojin ƙasa yana Lokoja, sai a rubuta takarda da lambar soja da shaidar dangantaka, a kuma sa a rai cewa ba kowace takarda ta shekara tamanin ce ta tsira ba. Ofishin 'yan mazan jiya na jiha ko na ƙaramar hukuma ya cancanci ziyara, domin tsofaffin rajistocinsu suna da lamba da unguwa. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana da fayilolin larduna, Kanoprof da Sokprof da Zarprof da sauransu, inda ake samun wasiƙun ɗaukar soja, kuɗin da ake aiko wa iyali, da neman aiki ga waɗanda aka sallama. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara a 1939, suna cike da labarin yaƙin da Hausa, kuma suna nuna abin da mutanen gida suke ji a lokacin.

Shafukan kuɗi irin su Ancestry da Findmypast da Forces War Records an gina su ne don zuriyar sojan Ingila. A kan sojan Najeriya na yaƙi na biyu, abin da za su nuna maka galibi shi ne wanda CWGC da Kew suka riga suka bayar. Ba mu ba da shawarar biyan kuɗin wata a kansu ba sai in wani takamaiman abu ka gani a jerinsu. Iyalan Nijar da kakansu ya yi wa Faransa aiki kuwa hanyarsu daban ce gaba ɗaya: mamata a shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar sojan Faransa, fayilolin aiki kuma a ma'ajiyar sojoji da ke garin Pau.

Idan ka tabbata ka sami kakanku amma an ɓata rubutun sunansa, ko kana da hujjar cewa ya mutu a bakin aiki cikin shekarun nan kuma ba ya cikin jerin, hukumar tana karɓar ƙorafi ta shafinta. Ba ta gyara da labarin baka kaɗai, takarda take so: hoton littafin soja ko wasiƙar sanar da rasuwa ko takardar biyan magada, wadda lambar take jiki a fili. Ka rubuta lambar a layin farko, sai sunan yadda yake a shafinsu, sai yadda yake a takardarku, sai dangantakarka da shi. Ka tura hoto, asalin takardar ya zauna a gida, kuma ka ba su lokaci, domin shigar da sabon suna sai hukumomin soja sun tantance kafin a sassaƙa shi a dutse.